Rijiyar Gaba Huɗu

Ranar Laraba, kwana tara cif bayan an kashe 'yan sandan nan uku, da ƙarfe huɗu da rabi na yamma, muka zauna mu bakwai a zauren wani ɗan kwangila a Tambuwal. Na riƙe lokacin ne domin ƙarfe huɗu aka ce, kuma ni kaɗai na zo ƙarfe huɗu. Akwai mai gidan, wanda tun kafin a shimfiɗa tabarma aka fara kiransa Ciyaman ba tare da kowa ya zaɓe shi ba. Akwai 'yan kasuwa biyu daga Kebbe, da malamin makaranta da aka ɗora wa rubutu, da na'ibin liman, da shugaban 'yan kabu-kabu. Sai ni, da aka gayyato saboda na yi shekara talatin da ɗaya ina duba aikin rijiyoyi a wannan yanki kafin in ajiye aiki. Na takwas ɗinmu bai shigo ba. Wani tsoho ne manomi daga wajen Fakku, mahaifin ɗaya daga cikin mamatan, wanda ya cire takalmansa ya zauna a bakin ƙofa, aka ce masa ya matso ciki sau ɗaya, ba a sake ba.

Abin da ya faru ba shi da tsawo. Da damina ta faɗi a shekarar, manoman da ke tsakanin Kebbe da Fakku suka kasa zuwa gonakinsu saboda 'yan bindiga. Aka kawo 'yan sanda aka ajiye a wata mararraba, ƙarƙashin rumfar kara, domin mutane su sami damar shuka. Sun yi mako biyar a wurin. Wata safiya, bayan manoma sun wuce da fartanyoyinsu, masu babura suka ɓullo daga daji suka buɗe wuta. Uku suka mutu nan take. Ɗan tsohon nan kofur ne, kuma shi ya roƙi a kai shi wurin, domin gonar ubansa tana cikin gonakin da ake tsaro.

Ba zan ɓoye ba, a cikin mu bakwai ban ga wanda ya taɓa tsayawa a rumfar nan ya ce musu sannu da rana ba. Shugaban 'yan kabu-kabu kuwa na sha jin bakinsa a tasha yana yi musu kirarin da ba zan rubuta ba. Amma ranar nan kowa ya zo da fuskar ta'aziyya, har da mai share ido da bakin riga.

Ciyaman ya fara da shawarar a gina dogon ginshiƙi a tsakiyar gari, a ɗora masa hular ɗan sanda ta siminti. Na'ibi ya ce wannan ba aikin Musulmi ba ne, kuma mamaci ba ya ƙaruwa da siminti. Abin da ke isa gare shi a kabari shi ne sadaka mai gudana. Ya ce a gina rijiya a inda suka faɗi, duk wanda ya sha, mutum ko dabba, ladan ya tafi gare su. Wannan ita ce magana mai hankali ɗaya tak da aka yi a zauren nan, kuma kowa ya amince. Na duba bakin ƙofa na ga tsohon ya ɗaga kai a karo na farko.

Sai aka zo maganar lokaci. Ciyaman ya ce dole a gama kafin addu'ar arba'in, domin ya riga ya yi magana da wani babban mutum a Sakkwato wanda zai zo ya buɗe ta ranar.

Na nemi izini na yi bayani, a tsanake, kamar yadda na saba yi wa sababbin ma'aikata. Na ce ruwa iri biyu ne a ƙarƙashin ƙasar nan. Akwai na sama-sama, wanda damina ke jiƙa ƙasa da shi. Da marka ko da sanda ka tona za ka same shi, kuma yana tafiya tare da damina. Akwai kuma na gaskiya, wanda ke kwance ƙarƙashin marmara, wanda a wajen mararrabar nan ba a isa gare shi ƙasa da gaba goma sha biyu, domin na gina rijiya biyu a wannan jeji da hannuna a kan igiya. Na ce shi ya sa tun kakanninmu ba a ginin rijiya sai da bazara, lokacin da ƙasa ta bushe ƙarau, ruwan ƙarya ya janye, duk abin da magini ya tarar a ƙasa ya san zai zauna. Arba'in ɗin kuwa za ta faɗo a tsakiyar marka. Na ce a yi addu'a ranar arba'in, a kafa turke a wurin, a jira wata bakwai.

Ciyaman ya yi murmushin da ake yi wa tsofaffi. "Baba Sufeto," ya ce, "mutane mantuwa gare su. Nan da bazara wa za shi tuna an kashe wani?"

"Alhaji," na ce, "ruwa bai san arba'in ba."

Shugaban 'yan kabu-kabu ya ce Baba so yake a jira har su ukun su taso su ja guga da kansu. Aka yi dariya, har da malamin da ke rubutu, kuma mahaifin ɗaya daga cikin ukun yana zaune taku biyar daga bakin mai maganar. Aka ɗaga hannu. Shida da ɗaya.

Ya kamata in faɗi inda na samo wannan hali da ake kira taurin kai. Mahaifina akawu ne da aiki ya kai kudancin lardi, inda babu makarantar boko sai ta mishan, can ya sa ni. Ban bar addinina ba, ba su kuma matsa mini in bari ba. Abin da suka cusa mini shi ne awo. Malamin da ya koya mana gini yakan zo da igiya mai dalma a baki, ya sake ta a jikin bangon da muka yini muna yi; idan ya karkace da faɗin ɗan yatsa, mu za mu rushe shi da hannunmu kafin a ba mu abinci. Bai taɓa ɗaga murya ba. Na tsane shi shekara huɗu, na yi shekara sittin ina aiki da ƙa'idarsa. Har yau ina da igiyata ta awo, mai ƙulli a kowace gaba, da dalma a bakinta.

Da aka watse, tsohon ya biyo ni har bakin titi inda motocin Sakkwato ke tsayawa. Sa'ana ne, ko ya ɗan girme ni. Ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ya ce ya ji an ce ni ne masanin rijiya. Ya ce tun yaron yana ƙarami shi ke ja wa shanunsu ruwa, har tafin hannunsa ya yi kanta kafin ya shiga aikin ɗamara. Sa'an nan ya yi tambayarsa.

"Malam, ni ban san takarda ba. Abu guda nika tambaya. In bazara ta yi, mai wucewa za shi samu abin sha?"

Amsar gaskiya ita ce a'a, kuma na san ta. Amma na dubi mutumin da ya binne ɗansa kwana tara da suka wuce, na ce masa zan sa ido. Ya yi godiya kamar na yi masa rantsuwa. A cikin dukan abin da ya biyo baya, wannan kalma ita ce rabona na laifi, kuma ba na neman a rage mini.

Akwai wani tsohon magini a Sanyinna wanda muka yi aiki tare shekaru da yawa. Shi aka fara nema. Ya ce shi ba ya shiga rami da marka, kuma ba ya sa hannu a rijiyar da zai ji kunyar wucewa ta gabanta. Ciyaman ya ce tsofaffi sun haɗa baki, ya ɗauko wasu samari masu ginin salga a cikin gari. Ba na raina sana'ar kowa, amma mai ginin salga abu ɗaya ya iya, wato ya tsaya da zarar ya ga danshi.

A rana ta goma sha ɗaya da fara tono suka ga ruwa. Aka bugo waya Tambuwal, Ciyaman ya zagaya kasuwa yana karɓar barka. Washegari na hau kabu-kabu da igiyata, tafiyar da ta karya mini ƙugu, na tarar da samarin zaune a bakin rami suna cin gyaɗa. Na saki dalma. Gaba huɗu da kamu ɗaya. Ko marmara ba su taɓa ba. Na ce su ci gaba. Suka nuna mini ruwan da ke cika ramin da sauri fiye da yadda za su iya kwashewa, da gefen da ke zubowa, kuma a nan kam suna da gaskiya, domin wanda ya ƙara ko gaba guda a wannan laka da ransa yake wasa. Abin da na faɗa a zaure ke nan, ga shi a buɗe a gabana.

Na roƙi abu ɗaya: a bar bakin a buɗe, a rufe da itace, idan bazara ta zo a ƙarasa. Ba a saurare ni ba. Aka zura zobban siminti huɗu a kan ƙasa mai laushi, aka zuba dakali mai faɗi a sama, aka bar baki ɗan ƙarami wanda guga kaɗai zai shiga, mutum ba zai shiga ba. Aka shafe dakalin da fenti shuɗi da rawaya da kore. Aka kawo farin dutse daga Sakkwato aka manna a jiki. Sunayen mamatan uku suna ƙasa, a layi ɗaya, sai ka sunkuya. Na 'yan kwamiti bakwai suna sama, kowa da layinsa da sarautarsa. Nawa shi ne na biyu, an rubuta a gabansa cewa ni na duba aikin.

Na je gidan Ciyaman na ce a cire sunana. Ya ce ai rubutun dutse ba ya goguwa, kuma bai kamata in ƙi lada ba. Na rubuta takardar barin kwamiti, kwafi biyu, na miƙa ɗaya na ajiye ɗaya. A lokacin na ɗauka na wanke hannuna. Takardar tana cikin akwatina, dutsen kuma yana bakin hanya inda kowa ke gani, har da tsohon da aka karanta wa sunana ya ce to, alhamdu lillahi.

Arba'in ta zo, babban mutum bai zo ba. An ce tafiya ta kama shi. Aka yi addu'a a masallaci, aka raba waina. A nan ne kwamiti ya yanke hukuncin da har yau idan na tuna sai in ajiye abin da ke hannuna. Suka ce tun da ba a buɗe rijiya ba, bai dace a fara sha ba, domin kada baƙo ya zo ya tarar da bakin ya yi caɓi, fenti ya goge. Aka kira maƙeri ya yi murfin ƙarfe, aka sa kwaɗo, Ciyaman ya jefa mabuɗin a aljihunsa ya komo Tambuwal. Rijiyar da aka gina domin sadaka, a 'yan watannin da take da ruwa a shekarar, a kulle ta yi su. Masu girbi suka yi ta wucewa ta gabanta da gorunansu, makiyaya suka yi ta kora shanu suna zagaye dakalin.

Tsohon ya zo Tambuwal sau biyu neman mabuɗi. Na farko aka ce Ciyaman yana barci. Na biyu ya same shi, aka ba shi lemo, aka ce ya ƙara haƙuri, abin na manya ne, kuma ranar buɗewa shi za a ba guga na farko a gaban kowa. Ya biyo ta gidana ya gaya mini wannan da ɗan farin ciki.

Maƙerin ya bar wata 'yar kafa a gefen murfin, daidai shigar dalma. Duk ranar ɗaya ga wata nakan je in auna, in rubuta a littafina. Bayan girbin gero ruwan ya sauka da tsawon gaba guda. Bayan an kai dawa rumbu ya rage kamu uku. A tsakiyar rani dalmar ta fito da laka. Wata guda bayan haka ta fito a bushe, da ƙura a jikinta. Kowane awo na aika wa Ciyaman a rubuce, ko da yake ni ba ɗan kwamiti ba ne kuma. Ba a taɓa amsa mini ba.

Sai aka sa ranar buɗewa: wata Alhamis a tsakiyar bazara, daidai lokacin da na ce a fara ginin.

Na isa mararrabar da ƙarfe tara saura kwata, domin an ce ƙarfe goma. An kafa rumfuna uku, an jera kujerun roba, an ɗaura ƙyalle a jikin dakali. Abin da na fara gani shi ne ƙasar da ke kewaye da rijiyar a jiƙe, a watan da ko raɓa babu, da sawun manyan tayoyi da wani ke ƙoƙarin sharewa da tsintsiya. An cire kwaɗon. Na saki igiyata, dalma ta faɗa ruwa. Gaba biyu na ruwa a rijiyar da na auna a bushe kwana goma sha biyu da suka wuce. Na shinshina igiyar, tsatsa da ɗan warin man mota. Tankar ruwa suka kawo da sassafe suka juye a ciki.

Na ɗaura zare a igiyar daidai inda ta jiƙe, na duba agogo, na jira kwata, na sake aunawa. Ƙasar da ta yi wata uku tana ƙishi tana shan rabonta ta tsakanin zobban da ba a liƙe ba. Ciyaman ya hango ni, ya taho da babbar rigarsa mai sitaci, ya ja ni gefe. Bai musa ba, bai kuma ji kunya ba. Abin da ya dame shi daban ne.

"Baba Sufeto, don Allah, kai ka san lissahin abin ga. Har yaushe za shi kai?"

"Azahar," na ce. "Bayan azahar sai laka."

Ya ce ai kafin nan an gama an watse. Ya gode mini, ya koma wajen masu jera kujeru. Na tsaya da igiya a hannu, na gane cewa a karo na farko tun da aka fara aikin nan an nemi sanina an kuma karɓa, kuma domin a daidaita ƙarya ne.

Ƙarfe goma ta yi, sha ɗaya ta yi. Matan mamatan da 'ya'yansu aka zaunar a tabarma a bayan rumfa ta uku, inda inuwa ta ƙare. Tsohon yana gefensu da wankakkiyar riga, ya riƙe sabon guga da ya sayo da kansa, domin ya ce ba zai ja wa ɗansa ruwa da gugan aro ba. 'Yan sanda kusan goma aka kawo su yi tsaro, suna tsaye a rana tun safe, fuska ga daji. Ɗaya daga cikinsu, wani saje mai tabo a wuya, an ce mini yana rumfar karan nan ranar da abin ya faru. Na ga ya dubi katan-katan na ruwan gora da aka tara a ƙarƙashin teburin manya, ya kau da kai. Ba wanda ya miƙa musu. An zo karrama 'yan sandan da suka mutu, masu rai kuwa ko kallo ba su isa ba.

Sha biyu ta wuce. Ciyaman ya fara zagaya rijiyar kamar mai neman abin da ya yar, yana leƙawa, yana duban hanya, yana dubana. Ni kuwa ina zaune a kujerata. Aka kira azahar, aka yi salla a ƙarƙashin wata ƙirya, da alwalar ruwan leda. Sai ƙarfe biyu da minti goma motoci suka iso, kuma ba babban mutumin ba ne, wakilinsa ne, wani matashi mai waya biyu a hannu.

Da mai hankali ne ke riƙe da taron, da ya ce a ja ruwa tukuna. Amma an riga an buga jerin masu jawabi, kuma babu wanda zai yarda a tsallake shi. 'Yan kasuwar Kebbe suka yi magana ɗaya bayan ɗaya, kowa ya gode wa ɗan'uwansa. Shugaban 'yan kabu-kabu ya ce mamatan 'yan'uwansa ne na jini, muryarsa har tana rawa. Malamin makaranta ya karanta tarihin kwamiti tun daga zaman farko, ya ambaci sunana a cikin waɗanda suka ba da shawarwari masu amfani. Wakili ya karanta takardar da aka ba shi, ya yi alkawarin injin tura ruwa da tanki a sama. A cikin jawabai biyar, an ambaci sunayen mamatan sau ɗaya, na Ciyaman kuwa na daina ƙirgawa.

Ƙarfe uku da rabi aka yanke ƙyalle, aka kira tsohon. Masu ɗaukar hoto suka matso. Ya yi bisimilla, ya zura gugansa, igiya ta yi ta tafiya. Duk wanda ya taɓa jan ruwa ya san ƙarar guga idan ya faɗa ruwa, ya kuma san ƙararsa idan ya faɗa taɓo. Manoman da ke tsaye a baya suka dubi juna. Tsohon ya girgiza igiyar, ya kwantar da gugan, ya jira, ya jawo a hankali. Abin da ya fito bai kai rabin ƙwarya ba, ja kamar kunun kanwa. Ciyaman ya fara tafi, rumfar manya ta ɗauka. Wani ya ce sabuwar rijiya haka take farawa.

Tsohon ya tsoma hannu ya kai baki. Mutumin da ya shekara saba'in yana shan ruwan ƙasar nan ba ya bukatar igiyata. Ya riƙe shi a baki ɗan lokaci, ya haɗiye, domin ba zai tofar da abin da aka ce sadakar ɗansa ce ba. Bai dubi Ciyaman ba, bai dubi wakili ba. Ya ratsa mutane da gugansa ya zo inda nake zaune, ya rage murya yadda ba wanda zai ji sai ni.

"Malam, wanga ruwan mota ne."

"Na mota ne," na ce.

"Ka san haka tun sahe?"

"Tun ranar da muka tsaya bakin titi na san ba za ta riƙe ruwa ba."

Ya dube ni. Na so ya zage ni. Da ya fi mini sauƙi. Sai ya ce, "Da ka gaya man, da ban sa rai ba." Ya juya ya tafi wajen sajen nan mai tabo, ya ba shi haƙuri cewa ruwan ba zai shawu ba, kamar shi ne ya yi laifin.

Kafin ƙarfe biyar motoci sun tafi, an naɗe rumfuna, an kwashe sauran ruwan gora an mayar a but ɗin mota. Da yamma rediyo ta ce an buɗe rijiya domin tunawa da jaruman da suka ba da rayukansu, jama'a kuma sun nuna farin ciki.

Mako guda bayan haka na ɗauki tsohon maginin Sanyinna muka je, domin bazara ce, lokacin aiki ne. Ya kwanta a kan dakalin ya leƙa, ya daɗe, ya tashi ya karkaɗe rigarsa. Ya ce sai an fasa dakalin kafin mutum ya shiga, kuma zobban suna zaune a kan ƙasa mai laushi, duk wanda ya tona ƙarƙashinsu za su sauko masa a ka; gara a gina sabuwa a gefe. Na kai wa Ciyaman maganar. Ya ce ba za a fasa abin da wakilin babban mutum ya buɗe da hannunsa ba, kuma gina wata a gefe tamkar a ce ta farko ba ta yi ba ne, wannan kuwa cin fuska ne ga kwamiti. Ya ce a jira injin da aka yi alkawari. Na nemi sauran biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya. Na'ibi ya ce Allah yana duba niyya. Na ce masa haka ne, amma saniya ruwa take dubawa. Bai sake gaishe ni da fara'a ba.

Na yi niyyar in sa maginin ya fara sabuwar ko babu kwamiti. Kafin mu haɗa masu taya shi aiki, aka janye 'yan sandan daga mararrabar, kuma babu wanda zai yarda ya yini a ƙasan rami a wurin da ba mai duba masa daji. Ban ga laifinsu ba. Damina ta sake faɗuwa, rijiyar ta cika, a lokacin da kowane kududdufi a jejin yake cike.

Da rani ya dawo na je awo ranar ɗaya ga wata, na tarar da randa a gindin dakalin, an binne ta rabi a ƙasa, an rufe da faifai, da moɗa a sama. Wata mata mai ɗauke da itace ta gaya mini tsohon ne. Kullum bayan ya karya kumallo yakan ɗora jarka biyu a jaki, ya ɗebo daga rijiyar garinsu, ya yi tafiyar da ta fi awa guda, ya cika randar, ya koma. Na jira shi. Ya iso yana jan jakin, ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya kamar ranar farko, ya juye jarkokin, ya cika moɗa ya miƙo mini. Na sha. Bai yi maganar rijiya ba, ni ma ban yi ba. Bai sake tambayata kome ba har abada.

Ban daina awo ba. Rijiyar tana riƙe ruwa wata huɗu a shekara, tana bushe wata takwas. Injin bai zo ba. Tsohon ya cika randarsa rani biyu, ya rasu a farkon na uku, randar ta bushe a makon. Dutsen yana nan, sunana na biyu daga sama.